Kwanon Malam Lukuman

Malam Lukuman bai iya roƙo ba. Tun yana yaro a Malisa aka san shi da haka. In takalminsa ya tsinke, ba zai ce a saya masa wani ba, sai ya ajiye shi a bakin zaure inda mahaifinsa zai yi tuntuɓe da shi. Da ya zama malamin kimiyya a wata sakandare a Kalgo, halin ya bi shi. Teburin ɗakin gwaji ma ya same shi ne bayan ya daɗe yana baza kayan aiki a ƙasa, daidai hanyar da shugaban makaranta ke bi.

Shi ya kafa ƙungiyar ɗalibai masu haɗa mutum-mutumi. Suna ne kawai. Akwatuna ne masu taya da hannu ɗaya, suna kwasar ƙwallo suna zubawa a kwando. Ɗana na fari yana cikin ƙungiyar, shi ke riƙe da kwamfutarsu. Bara da damina zazzaɓi ya ɗauke shi. Kwamfutar da nasa mutum-mutumin, waɗanda ya zo da su hutu, suka zauna a ɗakinsa a Gwandu. Na kulle ƙofar.

Malam Lukuman ya zo ta'aziyya, ya dawo ranar bakwai, ya dawo ranar arba'in, bai ambaci kayan ba. Sai da gasar jiha ta ƙarato ya zo ya zauna a tabarmata, yana ba ni labari wai yaransa za su shiga gasa ba su taɓa yin wasan gwaji ba, domin manhajar da ke haɗa wasanni da lissafin maki tana cikin "wata kwamfuta". Ya faɗi "wata" ɗin yana kallon kajin gidana.

Na ce zan kawo ta, amma ni zan sarrafa ta, kuma da ita zan dawo. Digirina biyu a fannin ƙididdiga. A ganina manhajar yara ba za ta kai shan kofin shayi ba.

Ranar Asabar na isa Kalgo. An shata fili a daɓen zauren taro, kusurwar ja da kusurwar shuɗi. Na jona kwamfutar da talabijin da lasifika, na shigar da ƙungiyoyi uku, kowace da mutum-mutuminta, na danna a tsara wasanni. Ta ƙi. Kowane wasa sai da huɗu, biyu a ja, biyu a shuɗi. Na sake dannawa da ɗan ƙarfi. Na kashe na kunna. Daga nan na miƙe na yi wa yaran jawabi a kan kurakuran masu ƙirƙirar manhaja, suka saurare ni da ladabi irin wanda ake yi wa mara lafiya.

Na san inda na huɗun yake: a ɗakin da na kulle. Malam Lukuman ma ya sani.

Ya fita, ya dawo da kwanon silba na Dije mai sayar da abinci a bakin makaranta, ya kife shi a kusurwar shuɗi.

"Yallaɓai, rubuta. Ƙungiya ta huɗu."

"Sunanta fa?"

"Kwano mana. Kuma doka ta ce kowace ƙungiya sai da direba a tsaye. Yarana duk suna da aiki."

Ya miƙo mini rimot marar batir. Haka na wuni: in danna farawa, lasifika ta yi ƙara, in tattare babbar riga in ruga in tsaya a bayan kwanona. Har na kama kaina ina karkata jiki idan wani ya nufo shi.

Abin da ya kamata masanin ƙididdiga ya hango, ban hango ba. Maki na ɓangare ne, ja ko shuɗi, kuma manhajar tana canza abokan wasa. Kwano bai taɓa laifi ba, bai taɓa ture abokinsa ba. Da jadawali ya fito a talabijin, shi ne na biyu.

Dije ta shigo karɓar kayanta, ta dubi allo, ta dube ni. "Alhaji, kai ka tuƙa shi? Allah ya ƙara basira."

"Kwanon ga shina da natsuwa," in ji Malam Lukuman, yana kallon silin. "In Dije ta yarda, da shi za mu tafi Birnin Kebbi."

A daren matata, mahaifiyar yaron, ta ji labarin, ta yi dariya har ta share ido, sannan ta tashi ta ɗauko mabuɗin ɗakin ta ajiye kusa da tiren abincina. Da alama ita ma ta koyi darasin Malisa.

Asabar ta gaba na kai mutum-mutumin ɗana Kalgo a kujerar gaba. Taya ɗaya ta cije, hannun yana rawa. Aka ba Fatiha, 'yar aji biyar, ta tuƙa, ya zo na huɗu, kuma ba wanda ya ce kwano ya fi shi, ko da yake ya fi shi. Da aka tashi na naɗe wayoyi, na bar kwamfutar a kan teburin nan na ɗakin gwaji.

Malam Lukuman bai yi godiya ba. Ai bai roƙa ba. Sai dai kwanan nan na lura ya rataye farin ƙyalle a bango, daidai gaban kujerar da nake zama, ga shi makarantar ba ta da majigi.