Golmon da Waya Ta Cinye

Lokacin da wayar salula ta shigo Zuru ina koyarwa a firamare, sai na samu aiki na biyu da ba wanda ya ɗauke ni, wato karanta wa mutane saƙo. Gidajen unguwarmu da yawa suna da ɗa a soja, kuma duk sojan da ya zo hutu sai ya bar wa tsohonsa waya. Tsoho ya iya danna koren maɓalli ya yi ta ihu a ciki, amma in rubutu ya shigo sai a nemo Malam. Ni kuwa abin yana yi mini daɗi, ba zan ɓoye ba. Nakan gyara murya in fassara Turancin da ƙarfi, har da ƙarin gishiri.

A lokacin ɗan kawuna yana golmo a gidan wani dattijo maƙwabcinmu. A wajenmu saurayi ba ya samun mata da daɗin baki. Shi da abokansa za su yi wa uban yarinya noma damina bakwai kafin a ba shi ita. Ya riga ya yi shida. Da rani kuma yakan yi kabu-kabu da jan baburinsa tsakanin Zuru da Mahuta. Siriri ne tun yana yaro, ko tuwon gida uku ya ci ba ya nunawa a jikinsa.

Wata ranar kasuwa da la'asar dattijon ya miƙo mini wayarsa a gindin mangwaro, ga mutane zazzaune. Ban tsaya na duba a zuci ba, na fara zubawa. Saƙon ya ce a yi hattara da wani ɗan kabu-kabu siriri mai jan babur, yana da ƙanjamau, ya rantse ba zai mutu shi kaɗai ba, yana dasa allura a kujerar fasinja. Duk mai ƙaunar 'yan'uwansa ya tura wa mutum goma. Babu suna, babu gari. Sai da na kai ƙarshe na ɗaga kai na ga ana kallon juna.

Wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta ce, "Ni dai tun bara nike ganin yaron nan shina ramewa."

Ɗan kawuna take nufi, yaron da tun haihuwarsa haka ta san shi! Na ce mata ƙarya ce, na ce jan babur a Zuru ai ba ya ƙirguwa. Amma bakin da ya karanta shi ne yake musu, wa zai saurare shi?

Kafin mako ya zagayo saƙon ya dawo mini sau huɗu, kuma ya yi ƙiba a hanya. Wani ya ƙara masa tashar Mahuta, wani ya ƙara cewa madubin babur ɗin ɗaya ne. Masu turawar ba baƙi ba ne, mutanen da muke zama benci ɗaya da su a coci ne, da waɗanda muke gaisawa a ƙofar masallaci, kowa yana ganin ceton rai yake yi. Wani abokin aikina ɗan Wasagu ya gaya mini saƙon ya riga ya ratsa garinsu, su ma sun samo nasu siririn. Wannan ya fi komai ƙona mini rai.

Fasinja suka daina hawa baburin ɗan kawuna. Abokan golmonsa suka fara samun uzuri. Yarinyar da ya yi wa duk wannan wahala ta aiko masa da zanen da ya saya mata, an ƙulle a leda biyu don kada ɗan aike ya taɓa.

Bai yi faɗa da kowa ba. Ya je asibiti aka gwada shi, ya zo mini da takarda a hannu.

"Yaya, kai ka karanta wancan saƙon. Taho ka karanta wagga."

Muka je tare. Ya durƙusa, ni kuma na karanta wa dattijon sau biyu, a hankali, cewa jininsa lafiya lau. Dattijon ya saurara har ƙarshe, bai ko karɓi takardar ba.

"Malam, wagga takarda mutum guda ya rubuta ta. Wancan ko ga wayar kowa shike. Duk garin ga ƙarya su kai?"

"Baba, ba wanda ya gani da ido."

"Ɗiyata guda ce. Ba ni gwaji da ita."

Da damina ta faɗi ɗan kawuna ya ɗauki fartanya ya tafi gonar dattijon, wai ko in ya cika ta bakwai zuciyar tsohon za ta yi sanyi. A bakin gona aka tare shi aka ce ya koma, an gode. Ya sayar da babur ya bar gari. Yau yana nan da ransa, ko zazzaɓi bai cika yi ba, tsohuwa mai gyaɗa kuwa ta daɗe a ƙasa. Ba wanda ya taɓa ba shi haƙuri. Har yanzu in na kira shi yana gaishe ni da ladabi, amma gaisuwar ba ta wuce gaisuwa.

Rani biyu bayan tafiyarsa yarinyar ta auri wani ma'aikaci wanda bai taɓa riƙe fartanya a gonar ubanta ba. Aka gayyace ni, aka ba ni kujera a gaba saboda ni Malam ne. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Na san tsohon rumbun da aka fasa don bikin, na san wanda ya cika shi. Na wanke hannu na ci.