Tsohon Madugu a Bakin Hanyar Tsafe

A bakin hanyar da ta shigo Gusau daga Tsafe, wani tsoho yana zaune a kan buzu. Rawaninsa ya koɗe, dugadugansa sun tsattsage irin na wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a bayan jakuna. Ba ya sayar da komai, hanya kawai ya zuba wa ido.

Mai furar da ke gefensa ta ce mini madugu ne daga Bilbis, ya ajiye fatauci. Da ɗansa ya kama hayar ɗaki a gidan Dogo, mai saukar da fatake, shi tsohon ne ya dafa gemunsa a gaban shaidu ya tsaya masa. Sai wani malamin awon auduga ya so ɗakin. Dogo ya watso kayan ɗan madugun waje, ga matar yaron da tsohon ciki, ya ce gemun tsoho ba ya riƙe ɗaki.

Ga ayari ya iso. Tsohon yana miƙewa da ƙyar, fatake suna durƙusawa.

"Baba, ina za mu sauka?"

"Ko'ina," in ji shi, "ban da gidan Dogo."

Ba ya ƙarawa, su ma ba sa tambaya. Ina jin wannan bakin ne ya sha nuna wa iyayensu rijiya a tsakiyar daji.

Da la'asar na bi ta ƙofar Dogo. Turakun jakuna suna nan a jere, ciyawa ta tsiro a gindinsu.