Tambayar da Baba Ya Bar Mana a Zaure

Shekara tara ke nan da muka kai mahaifinmu, Malam Isyaku, makwancinsa a nan Kontagora. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi masa addu'a in yi shiru, ban taɓa ɗaukar alƙalami a kansa ba. Bana shirun ya gagare ni, domin wata tambaya tasa da muka daɗe muna yi wa dariya ita ce yanzu take hana ni sakat.

Baba ba alƙali ba ne. Da safe hatsi yake sayarwa a kasuwa, bayan la'asar kuma ya shimfiɗa buzu a zaure ya karantar da fiƙihu. Amma kusan duk wata rigima ta unguwa a nan take fara sauka: rabon gado, iyakar gona, cinikin da ya lalace, shanun da suka faɗa wa dawar wani. Bafulatani zai zo daga ruga, Bakambare ya zo daga ƙauye da Hausarsa mai ɗan karkata, kowa ya zube ya kawo labarinsa da zafinsa. Baba zai bar mutum ya gama tsaf, sannan ya ɗaga kai ya ce, "Da idonka ka gani, ko ji ka yi?" Rabin shari'un zauren nan a kan wannan tambaya suke mutuwa, mai ƙara ya sosa ƙeya ya nemi takalminsa.

A cikin gida har ta zame mana abin tsokana. Idan Inna ta ce ruwan randa ya ƙare, sai ƙanena Nasiru ya gyara murya irin ta Baba ya ce, "Inna, kin gani ko ji kika yi?" Ta bi shi da muciya, Baba na daga zaure yana jin mu yana murmushi. Mu a lokacin mun ɗauka tsabar ƙa'ida ce irin ta malamai.

Sai da na yi aure ya gaya mini asalin abin, wata rana muna dawowa daga kasuwa. Ya ce yana saurayin malami, bai daɗe da dawowa daga neman ilimi ba, kai na rawa, aka kawo labarin wani falken shanu ɗan unguwarsu da ya tafi Kurmi. An ce motarsu ta faɗi, kuma yana cikin waɗanda suka rasu. Baba bai tambayi kowa komai ba. Ya jagoranci sadaka, ya ce matar mutumin ta shiga takaba, ya raba gado da hannunsa, lissafin ko ƙwayar kuskure babu. Matar ta gama takaba ta yi aure, magada suka sayar da gidan. Bayan shekara ɗaya da 'yan watanni sai ga mutumin nan yana ɗingishi da sanda. Ashe karaya ya yi, ya daɗe yana jinya a garin da ba ya jin yarensu. Ya tarar da baƙi a gidansa, matarsa kuma da cikin wani.

Baba ya ce mutumin bai yi zagi ba. Ya tsaya a ƙofar zaure ya ce, "Malam, wa ya gaya maka na mutu?" Baba ya ce, "Ji na yi." Mutumin ya ce, "To, ga ni." Ya juya ya bar garin, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Baba ya ce mini tun daga ranar bai taɓa yin sallah ba tare da ya roƙi gafara a kan wannan mutum ba.

Yau wata goma sha huɗu ke nan da 'yan bindiga suka tare motar da Nasiru yake ciki a hanyarsa ta dawowa daga Kasuwan Garba, inda ya je sarin masara. Shi ya gaji shagon Baba. Sun kira mu sau biyu, mun kai abin da suka ce a kai, sannan layin ya mutu. Ya bar matarsa Rakiya da yara uku, da shago a kulle, da gona a wajen Beri wadda ba mai iya zuwa ya duba ta. Duk lambar da ban sani ba idan ta shigo wayata sai in yi wuf in ɗaga, har yanzu ban saba ba.

Nakan tambayi kaina, da Baba na nan me zai ce da wannan zamani? A lokacinsa mutum ɗaya ya ɓata a unguwa, ya ishe shi nadama har kabari. Yanzu layi nawa ne a garin nan da babu gidan da ake jiran wani? Fatawa kuma ta yi araha. Kowa da malaminsa a waya. An turo mini muryar wani yana cewa shekara ɗaya ta isa, wani ya ce wata shida, wani ya ce a yi masa sallar gawa kawai a huta. Babu ko ɗaya cikinsu da ya san sunan Nasiru, balle ya ga fuskar Rakiya.

Abin da na riƙe daga karatun zaure kaɗan ne, ni malamin lissafi ne a sakandare, amma na tuna wannan babin domin Baba yakan ja shi har almuru. Matar wanda ya ɓata ba dangi ne suke yanke mata hukunci ba. Gaban alƙali take zuwa, a yi bincike, idan an rasa labari a ɗiba mata shekaru, sannan ta yi idda. Dukiyarsa kuwa ba a taɓa ta sai an tabbatar da mutuwarsa, ko an kai lokacin da tsararrakinsa ba sa wucewa. Wanda aka san yana tsare a hannun wasu kuma hukuncinsa daban ne da na wanda ya ɓace ɓat. To Nasiru wanne ne a ciki? Na tambayi malamai biyu da nake girmamawa, kowanne ya ce a je kotu.

Makon jiya Baffa Umaru, ƙanin Baba, ya zo mini da wani manomi daga wajen Ibeto wanda aka sako bayan ya yi watanni a daji. Baffa ba mugu ba ne. Damina ce yake gani ta ƙarato, ga marayun da ba a ce musu marayu ba, ga shago yana cin ƙura. Ya ce, "Habibu, ga shaida Allah Ya kawo mana. Ranar Juma'a a yi sadaka, yarinyar nan ta shiga takaba, a raba abin da ya bari yara su samu na ci. Kai ne babba, kai muke jira."

Manomin ya rame har wuyansa kamar na kaza. Ya ce a sansanin da aka tsare su an ce wani mai hatsi ɗan Kontagora ya rasu da zazzaɓi, dogo, mai tabo a goshi. Nasiru dogo ne, kuma yana da tabo a goshi, ni na yi masa shi da dutse muna yara. A zauren Baba muke, a kan buzunsa nake zaune, sai na ji bakina ya buɗe da kansa.

"Bawan Allah, da idonka ka gani, ko ji ka yi?"

Ya ce, "Malam, ni ban gani ba. Wani ne ya gaya wa na kusa da ni."

Baffa ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya ce na gaji taurin kan ubana ba tare da na gaji iliminsa ba. Gaskiya ya faɗa. Na ce masa ba za a yi sadakar ba.

Na ɗauka na tsira, sai da na shiga cikin gida. Rakiya tana bayan ƙofa, ta ji komai. Shekararta ashirin da takwas. Ta durƙusa ta ce, "Yaya, ni ba gado nake tambaya ba. In an tambaye ni, me zan ce? Matar aure ce ni, ko mai takaba?" A nan na gane tambayar Baba tana kare wanda ba ya nan, amma wadda take nan ita ke ɗaukar nauyinta kullum safiya. Tsoro biyu ne suka sa ni a tsakiya. Ina tsoron in binne ƙanena da rai, ya dawo ya tsaya a ƙofar zauren nan ya ce mini ga shi. Ina kuma tsoron in tsare yarinyar mutane ta tsufa tana jiran wanda ƙasa ta riga ta rufe.

Littattafan Baba suna nan a adaka, gara ta fara taɓa wasu. Ɗalibansa sun watsu, shagonsa na kulle. Abin da ya rage nasa da rai shi ne tsoron nan na yanke wa mutum hukunci a kan jita-jita, da sanin cewa akwai maganar da ta fi ƙarfin zaure. Don haka ranar Litinin ni da Rakiya da Baffa za mu je gaban alƙali, kuma na yi wa Baffa alkawarin abincin yaran yana wuyana har a ga abin da Allah zai yi. Idan alƙali ya tambaye ni, zan ce ban gani ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya yafe masa abin da ya daɗe yana roƙon a yafe masa. Shi tambayarsa ta kwantar masa da hankali a ƙarshe. Ni kuwa duk sallamar da aka yi a ƙofar zaure sai na yi jim kafin in amsa, domin na san wata rana wani zai shigo, in yi masa tambayar, ya dube ni ya ce, "Na gani."