Hausar Mama a Wayar Yaya

A gidanmu Yayata ce ta yi jami'a. Ni ina gama sakandare na wuce shagon Mama a Kasuwar Sabon Gari, inda muke sayar da robobi da kuloli da tukwane. Yaya tana digiri na biyu a fannin harshe, bincikenta a kan yadda babban mutum yake koyon yaren da ba nasa ba. Aikin ya ja mata lokaci, har ta shiga zangon da in ba ta miƙa ba za a cire sunanta, kuma babu ƙari. Abin da ya rage mata muryoyi ne. Tana so ta naɗi Hausar matan Yarbawa da suka zo Kano da girmansu, irin Mama, su yi magana yadda suka saba, ita kuma ta duba yadda harshen ya zauna a bakinsu.

Na ce mata wannan ai ba aiki ba ne, layinmu kaf su ne. Ta roƙi Mama ta yi wa matan ƙungiyarsu magana. Mama ta ce a bar mata, amma a ba ta ɗan lokaci.

Ɗan lokacin nan ya zama makonni. Kullum bayan la'asar Mama ta yafa gyale ta ce tana da taro, ta bar ni da shago. Yaya tana ramewa ina gani. In na tambayi Mama yaushe, sai ta ce in rufe mata baki, ba ni na haife ta ba.

Ranar da aka sa, matan suka zo gidanmu na Fagge cikin anko, leshi iri ɗaya da gwaggwaro, kamar za a kai amarya. Mama ta dafa shinkafa. Yaya ta ajiye wayarta a kan tebur, ta ce kowa ta ba da labarin zuwanta Kano yadda ta ga dama.

Ta farko ta gyara zama, ta yi sallama, ta ce ta zo birnin Kano mai albarka tare da mai gidanta, ta samu mutane masu karamci da son baƙo. Ta biyu ma haka. Ta uku ma haka, har wurin da take jan numfashi. Akwai wata Alhaja mai tattasai a bayan shagonmu, wadda in ta buɗe baki kan masu baro har titi ana jin ta. Ranar sai ga ta tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Ta zo tsakiya ta manta, sauran suka riƙa tuna mata a hankali.

Ashe taron la'asar ɗin nan, malamar Islamiyyar unguwarmu Mama ta ɗauko. Ita ta tsara musu abin da za su faɗa, ta yi ta gyara musu har suka haddace. Wai kada su kunyata Yaya a gaban jami'a.

Yaya ta kashe wayar. Ta durƙusa ta gode wa kowacce, ta raka su bakin titi. Duk da haka ta kai wa Farfesan da ke duba aikinta abin da ta naɗa, ko Allah zai sa. Ya saurari kaɗan ya kashe. Ya ce wannan hadda ce, Hausar malamar ya ji, ba ta matan ba.

Na ce wa Yaya ta ba ni wayar, in sa a cikin hijabina in zaga layi, kafin azahar ta samu abin da ya ishe ta. Ta ƙi. Ta ce ƙa'ida ce, ba a naɗar mutum sai ya sani ya yarda, kuma ba za ta yi wa ƙawayen Mama sata ba. Na ce to ta zauna da ƙa'ida, in an kore ta ƙa'idar ta ba ta digiri.

Na koma wurin matan da kaina, shago shago. Sun riga sun ji labari, kuma ransu ya ɓaci. Alhaja mai tattasai ko kallona ba ta yi ba.

"Mun gyara an ce bai yi ba. In mun ɓata ne zai yi? Ke yarinya, matsa min, kin tare min masu saye."

Da na dawo na sauke wa Mama duk abin da ke cikina, a gaban kaya da mutane. Na ce ita ta jawo, wa ya sa ta? Ta bari na gama, sannan ta amsa da Yarbanci, muryarta ƙasa ƙasa.

"Tun da na zo garin nan ake kwaikwayon maganata. Na haƙura, na ci abincina. Yanzu ku da na haifa kuna so ku ɗauke ta ku kai wa masu digiri, su zauna a kujera su yi dariya?"

Na ce ba dariya za su yi ba, nazari za su yi. Ta ce in tafi in tambayi Yaya ko ta taɓa ganin an yi nazarin abin da yake daidai.

Farfesa ya ɗan tausaya. Ya ce a mayar da binciken kan mutum ɗaya, in dai za a samu magana mai yawa. Yaya ta kwana biyu tana lallashi, Mama ta yarda a ajiye wayar a shago. Amma da ta ga an danna sai ta miƙe wuya ta koma birnin Kano mai albarka. In an ce ba haka ba, ta yi gum. Mai saye ya zo, sai ta nuna masa kaya da hannu ta turo shi wurina.

Sai na yi dabara. Na san in ranta ya ɓaci ba ta tuna komai. Yaya ta danna waya, ni kuma na ce wa Mama daga yau na bar shago, na gaji da wankin kuloli, kuma mai shagon da ke kallonmu ya fi ta iya ciniki. Ta kuwa tashi. Ta wanke ni tas tun daga ranar da aka haife ni, har mutane suka taru. Kalma ɗaya ba ta faɗa da Hausa ba. Yaya ta zauna a kan kwalin tukwane tana dariya, dariyar ta juye, ta rufe fuska da hijabi.

Zangon ya ƙare. Aka fitar da sunayen waɗanda za su kare aikinsu, babu na Yaya. Ta je ta nemi a duba mata, aka ce in tana so ta sake neman shiga daga farko.

Yanzu ni da Yaya tare muke zama a shago. Ba ta iya ciniki ba, da an taya take sallamawa, kullum sai mun yi faɗa. Wayar tana nan a kan kuloli, Yaya tana dannawa kowace safiya bayan ta gaya wa Mama. Mama ta gaji da tsoron wayar. Tana ciniki, tana faɗa da masu baro, tana ba da labarin ranar da ta sauka a tasha ba ta san ko sannu ba, duk da Hausarta ta gaske. Wayar ta cika, mun kwashe, ta sake cika. Na tambayi Yaya wa za ta kai wa. Ta ce in miƙo mata robar can, mai saye yana jira.