Allon da Malam Ɗan'azumi Ya Bari a Zaurena

Shekara bakwai ke nan cif da muka kai Malam Ɗan'azumi Mai Allo makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Wanda ya zauna a Dutse a wancan lokaci, ko bai san fuskarsa ba ya san hannunsa, domin shi ne mai rubuta allunan shaguna. In ka bi hanyar Kiyawa ka ga jan rubutu mai baƙar inuwa, da zanen kaza mai kama da jimina, to aikinsa ne. Ni abokinsa ne na shekara talatin. Direba nake a wata ma'aikata har na yi ritaya, amma tsakani da Allah na fi daɗewa a kan bencin rumfarsa fiye da kujerar mota. Shayin da na sha a rumfar nan, da an tara shi da ya isa noman rani.

Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne wata magana da na ji a rediyo. Wani masani mai daɗin murya yana bayani cewa sababbin sana'o'i suna ta ƙaruwa, mutane suna ta buɗe wuraren kasuwanci suna yi musu rajista, wai wannan alama ce ta cewa jama'a sun samu ƙwarin gwiwa game da tattalin arziki. Na yi dariyar da sai da akuyar maƙwabta ta tsinke igiya. Da dariyar ta lafa sai na tuna wanda ya kamata a tambaya, kuma yana kwance a makabarta.

Malam Ɗan'azumi bai yi boko mai zurfi ba, amma yana da nasa ma'aunin. Duk wanda ya zo a yi masa allo, kafin a yi maganar suna ko kalar fenti, tambaya ɗaya yake fara yi masa: "Mai ƙafa ko na jingina?"

Allon jingina falle ne na katako ko langa-langa. Da safe ka jingina shi a bango, da yamma ka shigar da shi ciki, ranar da abu ya ƙi ka saɓa shi a kafaɗa ka tafi gida. Mai ƙafa kuwa na ƙarfe ne. Sai an kai wa mai walda, an haƙa rami biyu, an kwaɓa siminti an zuba. Wanda ya zuba siminti a gindin allonsa ya gaya wa gari cewa yana nan, a zo baɗi a same shi. Shi ya sa in na tambaye shi yaya gari, ba ya ce mini lafiya ko babu lafiya. Sai ya ce, "Watan nan masu ƙafa huɗu na yi, gari da rai." Wani lokacin kuma ya goge buroshi a tsumma ya ce, "Duk 'yan jingina ne, Direba. Mutane a tsorace suke."

Akwai kuma wasu kalmomi biyu da yake son rubutawa fiye da komai: "da 'Ya'yansa." Idan mai shago ya ce a ƙara masa su a bayan sunansa, Malam ba ya karɓar kuɗin waɗannan haruffa. Yakan ce mutumin da yake hango jikokinsa a bayan kanta, shi ya cancanci a yi masa kyauta. Na taɓa ce masa to ni ma ya rubuta mini a ƙofar motar gwamnati. Ya ce, "Kai da ko tayar ba taka ba ce?"

To, yau da zai tashi ya zaga Dutse, me zai gani? Zai ga sana'a ta cika gari, wannan gaskiyar mai rediyo ce. Lemomin masu cirar kuɗi sun yi yawan da in aka haɗa su za a yi wa garin rumfa har Kafin Hausa. Tsakanin gidana da masallaci, tafiyar da ba ta kai ƙiftawa uku ba, akwai masu cajin waya biyu da masu fetur a kwalba uku. Ɗaya daga cikin masu fetur ɗin malamin da ya koyar da 'ya'yana lissafi ne. In na wuce sai mu duka mu kalli wani wajen, kamar an yi mana yarjejeniya. Zai ga sunaye manya, wane da wane na ƙasa da ƙasa, a kan ƙyallen leda da inji ya buga, an ɗaure da igiya a jikin bishiyar maina. Ko allon jingina ma yanzu ya zama na masu hali. Na tambayi mai waldar da suka yi aiki tare da Malam yaushe rabon da a kawo masa ƙafar allo, ya ɗaga kai sama yana tunani har na gaji na tafi.

Ban ce babu masu ƙarfin zuciya ba. Na san wata baiwar Allah a Garki da ta fara gyaran riɗi da tire ɗaya, yanzu tana da mata masu taya ta. Amma yawancin waɗanda na sani sun buɗe sana'a ne don ba su da ƙofar da za su ƙwanƙwasa. Albashi ya daina kaiwa tsakiyar wata, aikin da aka yi karatu dominsa bai zo ba, sai mutum ya sayi lema. Daga nesa, mai tsalle don murna da mai tsalle don ya taka garwashi duk ɗaya suke, kuma ina jin daga nesa masanin nan yake kallonmu.

Ba a kan titi na koyi wannan ba, a zaurena na koya. Malam ya bar ɗa namiji guda, Mansur, wanda yake shekarar farko a jami'a lokacin rasuwar. Ya gama karatunsa da sakamako mai kyau, ya yi bautar ƙasa, ya dawo. A shekara uku ya buɗe sana'a uku. Ya fara da lemar cirar kuɗi, sai wasu biyar suka kafa tasu a gefensa, har ya zama masu lema sun fi masu cira yawa. Ya koma kiwon kaji, abincinsu ya yi tsadar da na rantse gara ka ba su shinkafa da miya. Ya sayar, ya sayi firiza zai yi ƙanƙara, wuta ta riƙa zuwa kamar baƙon kunya. Kowace a cikinsu sai da ya sa mata suna, ya buga ƙyalle. Ka ga ke nan shi kaɗai ya ba mai rediyo ƙwarin gwiwa har sau uku.

Abin da Mansur bai sani ba shi ne, a ciwon ajalinsa mahaifinsa ya sa na ɗauko wani allo daga rumfa na kai zaurena. Na ƙarfe ne, mai ƙafa biyu, fenti shafi uku. A sama ya rubuta "Mansur da 'Ya'yansa," a ƙasa inda ake sa irin sana'ar ya bar shi fari fat. Na ce, "Malam, yaron da ko budurwa ba shi da ita?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Sannan ya ce, "Ka ajiye. Kada ka ba shi sai ranar da ya samu abin da ya isa a zuba wa siminti. Kai za ka gane ranar." Na juya fuskar allon bango, na jibga masa tsofaffin tabarmi. Sau uku na sa hannu zan ɗauko, sau uku na fasa, kuma duk sau ukun fasawar ce daidai. Wannan ne ya fi ci mini rai.

Watan jiya bayan la'asar Mansur ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ƙi tashi. Ya ce shi da wasu abokansa za su bi ta Nijar su haura sahara, akwai inda ake haƙar zinare. Ya sayar da firizar, kuɗin mota ya haɗu. Mahaifiyarsa ba ta sani ba, ni yake so in gaya mata bayan ya tafi.

Na yi abin da na iya. Na ce, "Kai da rana ke kayar da kai a layin banki, kai ne za ka haƙa zinare? Rairayi zai haɗiye ka ya nemi ƙari."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, na gwada nan sau uku."

Na san 'ya'yan mutane biyu da suka bi hanyar nan. Ɗaya ya dawo ba ya magana da kowa. Ɗayan har yau uwarsa tana ajiye masa tuwo. Sai kawai na tashi na yaye tabarmin, na juyo allon. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa yana bin jan rubutun, harafi bayan harafi, don ya san hannun. Da ya kai wajen farin sai ya tsaya.

Ya ce, "Baba, me zan rubuta a nan?"

Ni da aka sani da baki, wanda ake cewa ko a gidan makoki sai na sa an murmusa, sai na sunkuya na hau naɗe tabarmin.

Washegari na karya alƙawarin abokina. Buhun siminti ya fi ƙarfina, sai na sayi kwano huɗu a wajen wani magini. Na haƙa rami biyu a ƙofar zaurena da bayan nan nawa da ke ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Mansur ya iso ina cikin kwaɓi. Ya ce, "Baba, don Allah ka tokare shi da duwatsu kawai, ko za a buƙaci cirewa." Na ce ubanka bai taɓa tokare mai ƙafa da dutse ba, riƙe mini nan ya miƙe. Ya riƙe. Muka zuba. Da muka gama ya wanke hannu, ya ce ya ji, zai tsaya zuwa kaka. In an yi girbi bai ga abin da zai rubuta ba, in yafe masa.

Allon yana nan tsaye yanzu, babu shago a bayansa sai zaurena da buta biyu. Masu adaidaita sahu suna rage gudu su karanta. Maƙwabta suna tsokanata, "Alhaji Direba, me ake sayarwa?" Ina ce musu kaya suna hanya. Da safe nakan shiga gari ina tambaya, wajen masu riɗi, wajen masu dabino, wajen masu gyaran famfon sola, ko akwai inda ake neman mai ilimi da gaskiya da zai koyi abin da zai zauna a kai. Kowa ya ce in dawo.

Allunan Malam sun kusa ƙarewa a gari. An faɗaɗa titi an tumɓuke wasu, wasu an sayar wa 'yan gwangwan. Abin da ya rage nasa shi ne tambayar nan, kuma ita nake roƙon masu ƙirga sababbin sana'o'i su ara. In kun gama ƙirga sunaye, ku sunkuya ku dubi gindin allon, ku ga ko akwai siminti. A duk unguwarmu guda ɗaya na sani da aka zuba bana, shi ma ba ƙwarin gwiwa ne ya zuba shi ba, tsoro ne, kuma ni na kwaɓa.

Allah ya gafarta maka, Malam. Ka ce zan gane ranar, ban gane ba, na yi gaban kaina. Tun ina yaro nake addu'ar Allah ya kai mu kaka lafiya. Jiya na bi ta bayan gari na ga gero ya fara fitar da kai, sai na samu kaina ina roƙon kada kakar bana ta yi saurin zuwa.