Da Keke Zuwa Duwatsun Adar

Har na kai shekara ashirin da shida ban taɓa ganin dutsen da ya fi ni tsawo ba. A Tibiri aka haife ni, a nan nake koyarwa a lakwal, kuma tafiyata ba ta wuce Maraɗi da Jiratawa, inda ƙasa take a shimfiɗe, sai ɗan gangaren gulbi. Shekarar da damina ta ƙi, zamanin soja, ita ce ta fitar da ni.

Inna tana da ƙanwa, muna kiran ta Iya, wadda aure ya kai wani ƙauye cikin duwatsun Adar, arewa da Madawa. Kowace kaka takan aiko mana da gabu da busasshen tumatir. A wannan shekara ba saƙo, ba labari. Baƙi suna ta shigowa Maraɗi daga arewa, suna kafa bukkoki a bakin gari, Inna ta yi ta bin su tana tambaya. Wani ya ce ƙauyen ya watse, wani ya ce bai taɓa jin sunansa ba. Ta daina tambaya, ta kuma rage cin abinci.

Na je Sabon Gari wurin kawuna, ƙanen Inna, mai gyaran kekuna a wata rumfa kusa da masu sayar da itace. Na ce masa ina neman motar da za ta kai ni. An rufe iyaka a lokacin, mai ya yi wuya, motocin ƙauye duk an jingine su.

"Mushe, me kake hawa zuwa lakwal?" in ji shi. Mushe ake ce wa malamin makaranta a wajenmu.

"Keke, Kawu."

"To, shi zai kai ka. Ni ma zan je, ai ƙanwata ce."

Ya haura hamsin, yana da tari, na yi zaton magana ce kawai. Amma mako uku muka yi yana horar da ni. In na tashi daga aji sai in same shi, mu ɗaure buhun yashi a bayan kekuna mu nufi Jiratawa, inda yake da ƴar fadama, mu ba kabeji ruwa mu juyo. Ya sa mini sabuwar sarƙa, ya yanka tsohuwar taya ya shimfiɗa a cikin tawa saboda ƙaya.

Mu Kirista ne ta wajen Baba, Kawu kuwa musulmi. Ya ce ba zai raba ni da bikina ba, don haka sai washegarin Kirsimeti muka tashi. Inna ta ɗaure mana kwaki da ƙuli-ƙuli, da mudu huɗu na gero na Iya, daga cikin ɗan abin da ya rage mata. Baba ya yi mana addu'a a ƙofar gida, Kawu ya ce amin.

Kwana biyu muka yi a kan titi. Gonaki babu ko kara, an tuge an ba dabbobi. Mutane suna tafe da ƙafa, da jakuna, kowa ya fuskanci kudu, mu kaɗai muka fuskanci inda suka baro. Bayan Gidan Rumji jandarma suka tsayar da mu a shinge. Ɗaya ya duba takarduna, ya latsa ƙunshin gero, ya tambayi inda za mu. Da na faɗa masa sai ya dubi Kawu, ya dubi keken, ya shiga rumfarsu ya fito da buta ya cika mana gorunanmu. In lokacin salla ya yi nakan riƙe kekuna a inuwa, in akwai inuwar, har Kawu ya idar.

A rana ta uku muka bar titi muka yi arewa. Da hantsi na hango wani abu baƙi ya tare gabanmu, samansa a baje kamar an yanke da wuƙa. Na ɗauka hadari ne. Kawu ya yi dariya har tari ya kama shi, ya ce dutse ne.

Hawan farko ya nuna mini iyakata. Na miƙe a kan feda, na danna da ƙarfi don in wuce shi, ban kai rabi ba numfashina ya ƙare. Shi kuwa tun daga gindi ya sauka yana turawa, ya zo ya wuce ni a tsanake.

"Ba a jin kunyar sauka a nan," in ji shi. "Sauko ka tura."

A sama na juya na dubi baya. Ban taɓa ganin ƙasa daga bisa ba. Ga hanyar da muka biyo kamar zare, ga kwari ya yi kwana, ga shaho yana yawo a ƙasa da mu. Duk da abin da ya kawo mu, na ji wani daɗi ya cika mini ƙirji, har na ji nauyin jin sa.

Gangara ce ta kayar da ni. Kawu ya gargaɗe ni in fara da birkin baya, amma da keken ya ɗauki gudu a kan tsakuwa sai na damƙe na gaba. Na tsinci kaina a ƙasa, gwiwa ta ɗaye, ƙafar keken ta gaba ta lanƙwashe. Kawu ya wanke mini ciwon, ya cire ƙafar ya ɗora a kan faffaɗan dutse, ya taka nan ya taka can, ya ɗaɗɗaure wayoyinta har ta yarda ta juya. Tana ɗan rawa, amma tana tafiya.

Da la'asar muka shiga ƙauyen. Ba hayaƙi, ba ƙarar turmi, ƙofofi da yawa an toshe su da ƙaya. Gidan Iya a rufe. Kawu ya jingine kekensa ya tsuguna a bakin zaure. Muna nan sai ga wani tsoho makaho ya fito daga maƙwabta yana tambaya ko su wane ne. Kawu ya faɗi wadda muke nema.

"Ai tana bisa dutse," in ji tsohon. "Duk mai ƙafa yana can. Ku bi bayan rijiya."

Muka bar kekuna muka hau. Tun kafin mu gan su muka ji waƙa. Mata ne, sun fi a ƙirga da ido, kowace da dutse a ka, suna jera su layi-layi a gicciye a jikin tudu. Mazan duk sun tafi ci-rani. Iya ce ta fara ganin mu. Ta sauke dutsenta a hankali, ta kare rana da hannu.

"Yaya? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu," in ji Kawu. "Ke muka zo dubawa."

"Da me kuka zo?"

"Da keke."

Ta dafe baki, ta yi dariya, sannan ta fashe da kuka. Ta rame ƙwarai, tafin hannunta ya tsattsage, amma muryarta tana nan da ƙarfinta. Ta bayyana mana cewa ana ba su dawa da mai a kan aikin. Layukan za su tare ruwa in ya sauko, ya tsaya ya shiga ƙasa maimakon ya kwashe ta ya tafi.

Kawu ya ce ta shirya, za mu nemo jaki mu kai ta Madawa, daga can a san yadda za a yi ta isa Tibiri. Ta girgiza kai.

"Yaya, layi goma sha ɗaya na sa hannu a ciki. Ina so in ga ruwa ya tsaya a bayansu. Ku ce wa Yaya babba ina ci, ina sha, ta kwantar da hankalinta."

Kwana biyu muka yi, mu ma muka ɗauki duwatsu, matan suna yi mini tsiya wai mushe yana zaɓen ƙanana. Da za mu tafi ta ƙulle mana irin albasa a bakin tsumma, ta ce a gwada a fadama.

Inna ta sa na maimaita mata maganar Iya sau uku, kalma bayan kalma, sannan ta tashi ta hura wuta. Kawu ya shuka irin a Jiratawa, ya kama. Damina ta gaba ta zo da sauƙi, kuma da hutu na sake komawa, ni da wasu malamai biyu da suka gaji da jin labarina. Mun tarar da ciyawa ta kai gwiwa a bayan layukan, har da dawa a wasu wurare. Mijin Iya ya dawo, shi ya tarbe mu a bakin rijiya, ya ce mu ajiye kekuna mu bi shi gona, Iya tana can tana korar tsuntsaye.