Habi Ba Ta Juya Ba

Talata ce, bayan alhazai sun watse, 'yan shekaru da samun 'yancin Najeriya. Na tashi da asuba na gama wankin mutane na shanya. Mai ruwa ya zo ya cika mana randa. Daga wajen Harami ana jin ƙarar fasa dutse, don a lokacin ake faɗaɗa masallaci, kunnenmu ya saba. 'Yata Habi ta sha shayinta a tsaye saboda ɗokin rawa.

Gidanmu a unguwar Tandabawi ta Makka yake, can sama a jikin dutse, ɗakunan kwano da katako. Hausawa ne mu da muka zo hajji muka zauna. Ba ni da iƙama, wato takardar zama. Mijina ya rasu bai samu ba. A nan aka haifi Habi, amma ita ma babu takardar da ta san da zamanta.

Da hantsi Hala ta iso tana haki. Tsohuwa ce 'yar Buhara, siririya, bayanta a miƙe kamar taɓarya. Hala muke ce mata, yadda Larabawa ke kiran 'yar'uwar uwa. Tana yarinya Rashawa suka sa ta makarantar bale, rawar da ake tsayawa kan yatsun ƙafa, sannan aka ɗora musu rawar garinsu a kan wannan horon. Gudun hijira ya kawo ta Makka. Wanki ne ya haɗa mu. Ta ga Habi tana tsalle a tsakar gida, ta ce a ba ta yarinyar nan. Kafin shekara ta zagayo, rabin 'yan matan layinmu suna zuwa.

Ni ce mai kiɗa. Ƙwarya nake kifawa a kan matashi don kada sauti ya fita waje. Mun ɗaura doguwar gora a jikin bango, yara su riƙe, su juya wa ƙofa baya, su buɗe ƙafa. Iyaye mata suna zaune a inuwa suna tsokana, wai Hala ta mayar musu da 'ya'ya agwagi. Hala ba ta dariya. Daga baya ne ake sakin gora a shiga rawar kanta, wuyan hannu na murɗawa, kafaɗa na karkarwa. Abin yana da kyau, ba zan ɓoye ba. A bikin mata in yaranmu suka fito, har tsofaffi guɗa suke.

Hala tana da doka ɗaya. In ta tsayar da yarinya a gora, ba ta motsi sai ta ji tafi. Ba murya ba, tafi. Don ta gwada su, takan yar da tasa a bayansu, ta buga ƙofa, ta yi ihu. Takan sa mu iyaye mu kira su. Wadda ta waiga ta koma ƙarshen layi. Ni na fi kowa iya wannan wasa. Ko a safiyar nan sai da na ce, "Habi, gudu, ga kunama!" Mata suka fashe da dariya. Habi ko gira ba ta ɗaga ba. Tun azumi ba ta waiga ba, shi ya sa take kan gaba, dab da ƙofa.

Mun san akwai masu ƙorafi. An taɓa jefo dutse a kan kwanonmu. An aiko mana cewa mu ji tsoron Allah. Na ce wa ɗan aiken mata ne da yara a cikin gida, ba mu fita titi ba. Bakina bai iya sanyi ba, har yau.

Rana ta ɗaga sosai lokacin da Hala ta tsayar da su a karo na ƙarshe. Ƙafa ɗaya a sama, hannu ɗaya a gora. Na ji babbar mota ta tsaya a gindin dutse. Na ɗauka ta masu kwasar duwatsun gini ce. Sai takun mutane da yawa a kan matakala. Sai aka doki ƙofa.

"Iftah!"

Ba su jira a buɗe ba. Duka na biyu ƙyauren ya faɗo ciki. Maza ne da sanduna, wasu da kaki, wasu fuskokin da na sani a layinmu.

"Iƙama! Iƙama!"

Yara suka watse da kururuwa suka yo bayan gida, inda katanga take gajera. Mata suka bi su. Na tashi, ƙwarya ta mirgina. Habi tana nan yadda take, fuska a bango, ƙafa a sama.

Na kira ta. Na ce, "Habi, gudu!" Na sake, da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Na ga kafaɗarta ta ɗan girgiza. Ba ta juya ba.

Hala ta gane kafin ni. Ta ɗaga hannu biyu za ta tafa. Sanda ta sauka a kan wuyan hannayen. Na ji ƙarar ƙashi daga inda nake. Ta faɗi tana kiran Habi da baki, tana cewa ta saki, an gama. Amma ita ta koya mata cewa baki ba ya sakin mutum.

Maza sun riga sun shiga tsakanina da ita. Wata ƙaramar yarinya, Uwani, ta ƙanƙame mini ƙafa. Na ɗaga ta na ɗora kan katanga don in samu hanya. Sanda ta same ni a gefen kai. Wani ya yi ƙafa da risho, kananzir ya malale, wuta ta kama shanyata. Tabawa maƙwabciyata tana kan katanga, ta damƙi rigata ta ja. Ina rinjaya baya na hango wani mai kaki ya kama hannun Habi ya fizge shi daga gora. A lokacin ta juyo. Idonta yana neman Hala.

Na faɗa lungun awaki. Jini ya rufe mini ido ɗaya. Na miƙe zan koma, Tabawa ta tare ni da ƙirji.

"Rabi, wuta ce! Kwashi yaran nan!"

Ita ta yi gangare neman jaririnta. Aka bar ni da 'ya'yan mutane, duk ba takalmi, don ba a rawar da takalmi. Muka bi bayan dutse. Duwatsun sun yi zafi, yara suna tafiya suna ɗage ƙafa. Na goya Uwani. A bayanmu kwano yana fashewa, hayaƙi ya tashi baƙi. Na ji motar ta tashi. Na tsaya ina sauraro har ƙararta ta ɓace, yara suna jan zanena.

Kiran azahar ya same mu a bayan wani gidan burodi. Masu kanti suna rufewa, maza sun cika hanya za su masallaci, mu ko mayafi babu. Muka durƙusa tsakanin itacen wuta. Matar gidan ta leƙo ta taga, ba ta tambaye mu komai ba, ta jefo mana tsofaffin zannuwa da butar ruwa. Da aka tada sallah hanya ta yi tsit, muka fita da gudu.

Unguwar Zahir na nufa, gidan Goggo Sa'a, ƙanwar surukata. Haifaffiyar Makka ce, tana da takarda, mijinta ɗan kasuwa. Ta buɗe ƙofa ta gan mu.

"Ya Satir! Ku shigo, bisur'a, maza-maza!"

Ta ɗaure mini kai. Ta shafa wa yara man zaitun a tafin ƙafa, duk ƙafafun sun yi bororo. Da na ce zan je in miƙa kaina a kai ni inda aka kai Habi, ta kulle ƙofa ta sa makulli a ƙirjinta. Ta ce in aka sako yarinya ta dawo, wa za ta tarar? Na zage ta a gidanta, Allah ya yafe mini. Ba ta buɗe ba.

Bayan la'asar labari ya kai Tandabawi cewa yara suna Zahir. Aka fara zuwa. Wata uwarta, wata yayarta, wata kakarta. Kowa ta shigo ta duba fuskoki, ta ɗauki tata, ta yi kuka, ta fita. Uwar Uwani ce ta ƙarshe. Ta karɓi 'yarta daga cinyata tana ta sa mini albarka. Har ta kai ƙofa ta waigo.

"Yaya Rabi, ina Habi?"

Goggo ce ta raka ta waje.

Washegari mijin Goggo ya hau Tandabawi. Gidanmu da na maƙwabta sun zama toka. An saki Hala saboda tana da takarda, hannu biyu a karye. Ta ce motar hanyar Jidda ta bi. Ya tafi Jidda ya kwana yana tambaya. Aka ce masa an ɗora marasa takarda a jirgin ruwa zuwa Sudan, da mata da yara. Wani ya ce ya ga yarinya ita kaɗai, wani ya ce bai gani ba.

Hala ba ta sake koyar da kowa ba. Ta zo wurina sau ɗaya, muka zauna. Ban ji haushinta ba. Tausayinta na ji, da nawa.

Ban bar Makka ba. Duk hajji ina tare waɗanda suka biyo ta Sudan in tambaye su. Shekararta tara a ranar. Har yau ban san ko ta kai goma ba.